Jirage Biyu a Tsakar Gidana

Asabar, da hantsi

'Yata Auta ta iso jiya da jirgin yamma. Tun kafin ta taka ƙasa na san ta iso, don na ji Dogo a rediyona yana ba matuƙin izinin sauka. Rediyon ya tsufa, ni ma haka, amma daga nan gindin bishiyar ƙofar gida muna kama maganar hasumiya tsaf, tunda tsakaninmu da filin jirgi shingen waya ne kawai da gonar wani bawan Allah.

Ba hutu ta zo ba. Hukumar da ke kula da zirga-zirgar jirage ce ta turo ta, ta duba ko hasumiyarmu ta cancanci a ci gaba da ciyar da ita, ko kuwa a rufe, a kafa kyamarori a kan dogon ƙarfe, wasu mutane can babban birni su riƙa kallon titin jirginmu a allo suna sauke jirage daga nesa. Ƙarshen wata kwamiti zai zauna a ɗakin taro na filin, ta karanta rahotonta, a saurari mutanen gari, a yanke.

A hasumiyar nan na yi furfura. Dogo da ke shugabancinta yanzu ni na koya masa aiki, tun yana riƙe abin magana kamar an ba shi kunama. Da safen nan ya zo gaisuwa, bai ko gama zama ba ya ce, "Maigida, ranar zaman kwamiti kai za ka tashi ka yi mana magana. Yara duk sun ce kai."

Na ce, "Ka san wa ke rubuta rahoton?"

Ya ce, "Na sani mana. Ni na goya ta na hau da ita benen ranar da ta fara ganin jirgi ta sama."

Na ce zan yi tunani. Matata, wadda nake kira Alƙaliya don magana ba ta kwana a gabanta ba hukunci, tana shara a zaure. Ta ce wa tsintsiya, "Zai yi tunani."

Lahadi, bayan Azahar

Ba ta tambaye ni ra'ayina ba. Ban tambaye ta abin da ta rubuta ba. Mun sha hira mai daɗi a kan ciwon gwiwa.

Litinin, bayan La'asar

Aikinmu, in an tuɓe masa manyan kalmomi, abu ɗaya ne: kada biyu su haɗu. Saman nan da mutane ke gani fili fetal, mu a wurinmu gidan bene ne, hawa kan hawa, kowane jirgi da ɗakinsa. In biyu suka nufo titi lokaci guda, sai ka ce wa ɗaya ya dakata can bisa tudu ya yi ta kewaya har ka kira shi. Ba faɗa, ba gardama. Matuƙi ya yi ta zagaye kamar akuya a turke, fasinjan ciki suna tsammanin tafiya suke yi.

To, haka na tsara gidana. Na ce wa Dogo ya riƙa zuwa da sassafe kafin ya hau duti, lokacin Auta ba ta fito ba. Ita kuma sai yamma muke zama, lokacin shi yana sama. Kowa na ba shi hawansa, kuma na ji daɗin kaina ƙwarai.

Alƙaliya ta ce, "Malam, wai me ya sa yaron nan ya daina shigowa ciki? Kullum a zaure kamar mai tallan magani."

Na ce, "Aiki ne ya yi masa yawa."

Ta ce, "Ko dai kai ya yi wa kaɗan."

Talata, da yamma

Auta ta fito da kwamfutarta tsakar gida don ɗakinta ya ɗauki zafi. Har yanzu in tana tunani tana tauna murfin biro, kamar lokacin firamare. Ba ta ɗago kai ba ta ce, "Baba, ka san wa ke biyan kuɗin hasumiya?"

Na ce, "Gwamnati."

"Da can ke nan. Yanzu an ce hukuma ta ci da kanta. Jirgin da ya sauka ya biya, wanda ya ratsa ta samanmu ya biya gwargwadon nauyinsa da nisan da ya yi. Manyan filaye su tara, a gutsura wa ƙanana. Kamfanoni kuma suna ta ƙorafi, wai don me za su riƙa ciyar da hasumiyar da ko hotonta ba su taɓa gani ba."

"A ƙara wa masu sauka nan kuɗi mana."

"Kamfani ɗaya ne ya rage yana zuwa. Ka ƙara masa ya ɗauke jirginsa, ka zauna da hasumiya tana gadin ciyawa."

"A rage awannin aiki."

"An rage, Baba, tun bara." Ta cire biron daga baki. "Kuma ni ba kuɗin ne ya fi tsaya mini ba. Shekaru ake yi ana horar da mutum guda. Ranar da ya karɓi lasisi, ranar yake fara neman a mai da shi birni, ko ya tsallaka ƙasar waje."

Na ce, "Mu ai mun zauna."

Ta ce, "Kun zauna. A lokacin, ku nawa ne a hasumiyar?"

Na ce mata sauro ya fara fitowa. Ta gado bakin uwarta, amma hannuwan nawa ne. Da su take yi wa magana hanya a iska, tana ajiye wannan nan, wancan can, ba ta barin biyu su gogi juna.

Laraba, da rana

An yi shiru a rediyo.

Wani matuƙi ya kira hasumiya, ba amsa. Ya sake kira. Muryar mai ladabi ce, irin ta yaron da ke sallama a ƙofar gidan da ya san akwai mutane ciki. Sai na tsinci kaina tsaye, yatsana yana laluben maɓalli a gaban rigata, bakina ya riga ya fara gaya masa inda iska ke kaɗawa. Kaji ne kawai suka ji ni.

Ya sauka lafiya. Batirin rediyon ne, ina jin.

Alhamis, da safe

Na canza batir. Na sa tsohon a tocila, tana haska har ƙarshen lungu.

Dogo bai zo ba.

Jumma'a, bayan Asuba

Na yi mafarki jirage sun zama balbela. Suna ta kewaya saman gidan nan, farare tas, ba ƙara, kowacce tana jiran in kira ta. Ni kuma ina zaune kan turmi da abin magana a hannu, na manta sunayensu duka. Ba su yi fushi ba. Inuwarsu kawai ke wucewa kan bango, tana dawowa, tana wucewa.

Kakata tana da wata tatsuniya ta mutumin da gari ya ɗauka aikin gaya wa tsuntsaye lokacin sauka. Wai kafin shi, in sun taso da yamma sai su yi ta karo a kan bishiya guda, gashinsu na zubo wa mutane cikin ƙwarya. Shi ya hau tsauni da sanda, yana nuna wa kowa reshensa. Daga nan ban san me ya faru ba. Kullum a daidai nan barci ke sace tsohuwar, bakinta a buɗe, mu kuma ba mai ƙarfin halin tashinta. Na girma ina ɗauka mutumin yana can kan tsauni har yau.

Asabar, da sassafe

Dogo ya zo. Idonsa ja kamar wanda ya kwana a bakin murhu. Na ba shi shayi, ya riƙe kofin har ya huce. Mun yi maganar ciyawar gefen titi da ba a yanke ba, da injin wuta da ke tari. Na tambayi yaran sama. Ya ce ɗaya ya sami aiki waje ya tafi, ɗaya tana hutun haihuwa, sauran biyun suna nan suna ƙoƙari.

Na ce, "To wa ke canjin ka?"

Ya yi dariya. "Ni nake canjin kaina, Maigida. In sauko ta wannan matakala in hau ta waccan."

Matakala ɗaya ce a ginin.

Bai ce komai a kan Laraba ba. Ni ma na taya shi. Da zai tafi ya ce, "Maganar nan fa?" Na ce ina tunani. Ya ce to, kuma na rantse kamar sauƙi na gani a fuskarsa, amma idona ba abin shaida ba ne yanzu.

Lahadi, da La'asar

Hadari ya haɗu gabas, ya tsaya, ya fasa. Na san halinsa.

Litinin, da hantsi

Sakataren ƙungiyar ma'aikata ya zo da jawabin da suka rubuta mini. Mutumin kirki ne, mai zufa, yana magana yana kaɗa makullin babur. Kuma abin da ya faɗa ba shirme ba ne. Ya ce in waya ta yanke tsakaninmu da birni, ko wuta ta ɗauke, makafi ne za su riƙa sauke jirage. Ya ce jirgin asibiti ba ya zuwa da alƙawari. Ya ce yau hasumiya, gobe 'yan kwana-kwana, jibi a ce filin ma bai biya kansa ba, a sa masa kwaɗo, mai ciwo ya koma bin mota yini guda. Ya ce in za a auna kowane abu da abin da yake kawowa, to makabarta ma a rufe.

Na ce wannan ta ƙarshen kada ya sa ta a bakina.

Ya ce, "Baba, sunanka kaɗai muke so. In ka tashi, ko 'yarka ba za ta iya kallon idonka ta ce a rufe ba."

Auta tana bayan labule tana guga. Na ji dutsen gugar ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, har na fara jin ƙauri.

Jawabin yana da kyau. An kira ni uban hasumiya a ciki har sau ban san adadi ba. Na ajiye shi ƙarƙashin rediyo don kada iska ta ɗauka.

Talata, bayan Magariba

Muna cin abinci ta ce, "Baba, ranar Laraba rediyonka na kunne?"

Na ce, "Wace Larabar? Ai suna da yawa."

Ta ce, "Na saurari faifan hasumiya. Masu bincike ma sun saurara."

Na ce wa uwarta gishiri ya yi daidai yau. Ta ce ba ta sa ba, likita ya hana ni.

Auta ta wanke hannu. Ta ce a hankali, ba ni take kallo ba, ruwan kwanon take kallo, "In aka bar hasumiyar, ba wanda za a turo. Ba a bana ba, ba baɗi ba. Na nema, babu su. Haka zai ci gaba da hawa." Ba ta ce wa ba.

Laraba, da rana

Ban kunna rediyo ba yau.

Alhamis, da yamma

Na taka har bakin shingen waya. Daga nan ana ganin gilashin hasumiya yana shan rana, da wani ɗigo baƙi a ciki wanda na san kan Dogo ne.

Mutane suna ɗauka kallon jirage muke yi a can. Jirgi ai minti kaɗan ne. Sauran yinin sama kake kallo, har ka san ta kamar fuskar matarka. Ka san gajimaren da zai yi ruwa da wanda alfahari kawai yake yi. Ka ga garke ya nufo shinge tun makiyayin bai sani ba. Da damina, bayan ruwa, titin yakan yi sheƙi har ka ga jirgi biyu suna sauka, ɗaya daga sama ɗaya daga ƙarƙashin ƙasa, su haɗu a taya. Wannan kaɗai ce haɗuwar da muke yarda da ita.

Auta ta ce kyamarar tana gani cikin duhu da hazo fiye da idon mutum. Na yarda. Ina dai tunanin wani yaro can birni, cikin ɗaki mai sanyi ba taga, da filaye uku a gabansa, yana kallon faɗuwar ranarmu bai taɓa jin ƙamshin ƙasarmu ba. Sai kuma na tuna shi aƙalla in ya juya zai ga mutum a kujerar kusa da shi.

Zan yi tunani.

Asabar, da hantsi

Wanzami bai buɗe ba, sai na dawo gida da wuri. Takalman Dogo na gani a ƙofar zaure, manya kamar kwale-kwale, kuma ba lokacinsa ba ne.

Suna bayan kicin su uku. Dogo kan tabarma, Auta kan bokiti a kife, Alƙaliya tana tsinke ganye. Daga yadda kofuna suka zauna na gane wannan ba zaman farko ba ne.

Na ce, "Ashe taro ake."

Auta ta ce, "Yaya Dogo ne ya zo gaida Mama."

Alƙaliya ta ce, "Kullum yana zuwa gaida Mama. In ka tafi masallaci, in ka tafi shinge, in kana gyangyaɗi. Zauna, Malam, tsayuwa ba ta yi maka kyau."

Na zauna. Na ce ni da nake ta wahalar raba su.

Ta ce, "Mun gani. Kai muke riƙewa a sama, muna jiran gari ya washe mu sauke ka. To ga ƙarshen wata ya zo, man jirgi kuma ba ya jiran tunani."

Auta ta sa hannu ta rufe baki. Dogo ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya, ƙaton mutum mai 'ya'ya a makarantar sakandare.

Na ce, "Dogo, kai ka zo ka ce in tashi in yi magana."

"Yara suka aiko ni, Maigida."

"Kai fa?"

Ya gyara zama. Sannan ya ce, "Ranar da ka yi ritaya, ka cire abin kunne ka sa mini da hannunka. Ka ce, ga ta nan, riƙe. Ka san dokar da ka koya mana, ba a tashi daga kujera sai an sallame ka, ko gini na ci da wuta. Ni ba wanda ya zo ya sallame ni." Ya murza ido da bayan hannu. "Kuma ba na so a ce a hannuna ta mutu."

Dokar gaskiya ce. Mai aiki ba ya miƙewa don lokacinsa ya cika. Sai mai canjinsa ya tsaya a bayansa, ya ga abin da ke sama da abin da ke ƙasa, ya ce ya karɓa. Na taɓa hana wani yaro zuwa ɗaurin auren ƙanwarsa a kan wannan, kuma har gobe ina ganin daidai na yi. Ban dai taɓa tunanin abin da zai faru ba in mai canjin ya daina zuwa gaba ɗaya.

Ba wanda ya ambaci Laraba. Tana zaune tare da mu dai, kamar baƙuwar da aka ba kujera.

Lahadi, da safe

Na karanta jawabin Sakatare tun daga farko har ƙarshe. Duk abin da ke ciki gaskiya ne.

Litinin, bayan La'asar

Na ce wa Auta ta nuna mini ɗakin nan na birni. Ta buɗe kwamfuta. Alluna ne a jere sun yi rabin da'ira, kamar an yanko tagogin hasumiya an kai su wani gari. Mutane suna shiga suna fita, wani da kofi a hannu, wata ta tsaya bayan kujerar wani tana jiran karɓa.

Na ce, "In an mai da Dogo can, za su ba shi kujera?"

"In masu bincike sun bar masa lasisinsa. Ina rubuta cewa rashin mutane ne ya sa barci ya sace shi a kujera ranar Laraba, ba halin mutum ba. Iyakar abin da zan iya ke nan."

"In waya ta yanke fa?"

Ta ce akwai ta biyu. Na ce in ta biyun ta yanke. Ta ce, "Baba." Irin yadda take faɗa in na tambaye ta maganar aure.

Talata

Alƙaliya ta wanke mini farar riga. Ba ta tambaye ni me zan ce a cikinta ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

Laraba, da yamma

An yi zaman.

Ɗakin ya cika har tagogi. Masu dako, direbobin tasi, mai shayin bakin ƙofa, ma'aikatan asibiti biyu da fararen kaya. Auta ta karanta nata. Ta koma ta zauna. Da aka kira ni, ɗakin ya yi irin shirun da ake yi wa liman.

Jawabin yana aljihuna, kuma a can ya yini. Na ce na hau benen nan tun gwiwata tana da mutunci, kuma ba wanda ke ɗakin da ya kai ni sonsa. Na ce aikin da muka yi muna cika ɗaki, yanzu an bar wa mutanen da ba su cika benci ba, kuma ni ba zan roƙi a ci gaba da haka ba don a faranta wa tsoho. Wani daga baya ya ce, "An saye shi." Wani ya ce, "Ai 'yarsa ce." Na biyun dai bai yi ƙarya ba.

Sannan na juya na tambayi mai rahoto, a gaban manyanta, abin da za a yi wa jirgin asibiti ranar da wayoyin biyu suka yanke. Ta dube ni. Ta ce, "Ba mu gama warware wannan ba." Shugaban kwamiti ya rubuta wani abu. Na ce to kada a taɓa hasumiya sai an kunna kyamarorin an gwada su tare da ita damina guda cur, kuma a aro mutane daga birni su riƙe ta kafin nan, ko da kuwa kamfanoni za su yi kuka.

Dogo yana can ƙarshen layi, jikin bango. Na kira shi da sunan aikinsa, na ce, "Abin da na ba ka riƙo, na karɓa. Sauko." Ban san ko kwamiti sun fahimta ba. Yaran sama sun fahimta, don ɗayansu ya tashi ya fita.

Sakatare ya wuce ni a ƙofa yana kaɗa makulli, bai gan ni ba.

Alhamis, da safe

Auta ta ce, "Da ka gaya mini za ka yi tambayar."

Na ce, "Na yi miki ita ranar Litinin."

Ta ce, "A tsakar gida ka yi." Ta ci gaba da ninke kaya. Can ta ce, "An ƙara mini aikin wata shida." Ban ji godiya a ciki ba, ban kuma ji akasinta ba.

Jumma'a, bayan Azahar

A masallaci sahun da nake tsayawa ya yi mini faɗi. Mai shayi ya amsa sallamata da rabin baki, kuma yana da gaskiya, don kyamara ba ta shan shayi.

An ce kwamiti ya yarda da gwajin. An ce za a rufe bayansa. An ce abubuwa da yawa.

Lahadi

Ta tafi. Ta durƙusa ta gaishe ni a zaure, ta ce in riƙa shan maganina. Muryar da ta sallami jirginta baƙuwa ce, wata yarinya da aka aro daga birni, mai saurin magana. Ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. Na saurara da kyau, ina nema.

Talata, da La'asar

An ba Dogo hutu har masu bincike su gama. Ba wanda ya san ranar, ba wanda ya san me za su ce.

Ya zo da azahar cikin rigar gida, ban taɓa ganin ƙafarsa ba safa ba sai yau. Ya ce a gidansa yara sun hana shi sakat, matarsa kuma sai kallonsa take kamar sabon kaya. Na shimfiɗa masa tabarma gindin bishiya. Ya fara ba ni labarin injin wuta, wai an kawo sabon fanbel, wai ashe ba fanbel ba ne. A tsakiyar fanbel ɗin maganar ta tsinke.

Alƙaliya ta leƙo da kwanon abinci. Na ɗaga mata hannu, ta koma da shi.

Jirgin yamma ya zo ta kan gonar, ƙasa ƙasa, har ganye suka motsa, inuwarsa ta bi ta kan tabarmar ta haura katanga. Dogo bai ko juya ba. Bakinsa a buɗe, hannu ɗaya ƙarƙashin kunci.

Ƙudaje sun dame shi. Bari in ajiye biron in nemo mafici.